BABI NA UKU: TARIHIN GINA MANHAJAR KUNNA SAUTI DA BIDIYO A KAN LINUX

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda aka samar da manhajojin kunna sauti da bidiyo a kan Linux, tun daga shekarar 1991 da aka fara gina wannan tsari, har zuwa lokacin da manhajar da ɗalibai suka rubuta dominsa ta shiga hannun miliyoyin mutane. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, jinkirin da aka samu wajen kallon fim a kan Linux ya samo asali ne daga abubuwa uku, wato rashin hanyar sarrafa kayan cikin kwamfuta, da ɓoye sirrin yadda ake matse sauti da hoto, da kuma dokokin haƙƙin ƙirƙira. Za a nuna cewa matsala ta farko da ta biyu aikin masu rubuta manhaja ne ya warware su, amma ta uku sai dai aka yi ta kewaye ta, har wa'adin wasu daga cikin haƙƙoƙin ya ƙare.

3.1 Ma'anar Buɗaɗɗiyar Manhaja

Kowace manhaja tana da siffa biyu. Akwai rubutun tushe, wanda ɗan Adam yake rubutawa da harshe irin su C, kuma wani zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma harhaɗaɗɗiyar siffa, wadda na'ura kaɗai take fahimta. Manhajar da take juya siffa ta farko zuwa ta biyu ita ce a wannan nazari aka kira maharhaɗi. Kamfanoni irin su Microsoft da Apple sun saba sayar da siffa ta biyu, su riƙe ta farko. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka saki rubutun tushenta, aka kuma yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya raba.

Richard Stallman ne ya shelanta shirin GNU a Amurka a shekarar 1983, ya kuma fitar da lasisin GPL a 1989. Sharaɗin wannan lasisi shi ne, duk wanda ya ɗauki rubutun ya gina wani abu a kansa, ya kuma raba wa jama'a, to wajibi ne shi ma ya saki nasa rubutun. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara rubuta ƙwayar tsarin Linux, sannan ya sanya ta ƙarƙashin GPL a 1992. Daga nan ƙungiyoyi da kamfanoni suka riƙa tattara ƙwayar tare da sauran manhajoji suna fitar da ƙunshi cikakke, kamar Debian da Red Hat. Muhimmancin wannan sharaɗi zai bayyana a gaba, domin duk abin da ake biyan kuɗi a kan kowane kwafinsa ba ya zama inuwa ɗaya da manhajar da kowa yake da izinin kwafa ba adadi.

3.2 Yadda Manhajar Kunnawa Take Aiki

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a fayyace aikin da ake nema daga irin wannan manhaja. Hoton bidiyo mai ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wanda yake sauyawa sau 25 a daƙiƙa, yana cin sama da megabayit 15 a kowace daƙiƙa idan ba a matse shi ba. Ke nan faifan DVD mai gigabayit 4.7 zai cika cikin kusan minti biyar. Haka ma sautin faifan CD yana cin kusan megabayit 10 a minti ɗaya, alhali MP3 na yau da kullum yana mayar da shi kusan megabayit 1. Ƙa'idar da ake bi a matse, a kuma warware, ita ake kira kodek.

Manhajar kunnawa tana yin aiki huɗu a jere. Da farko tana buɗe mazubin fayil, kamar AVI na Microsoft ko MOV na Apple, ta ware sauti daban, hoto daban, rubutun fassara daban. Na biyu, tana miƙa kowanne ga kodek ɗin da ya dace ya warware shi. Na uku, tana aika hoton zuwa allo, sautin kuma zuwa lasifika. Na huɗu, tana lura da lokaci domin kada magana ta riga leɓe ko leɓe ya riga magana. Idan kwamfuta ta gaza, manhajar takan zubar da wasu hotuna ta riƙe sauti, saboda kunne ya fi ido saurin kama tangarɗa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da tarihin wahalarsa a kan Linux.

3.3 Zamanin Sauti, 1992 zuwa 2002

Sauti ne ya fara samuwa. A 1992 Hannu Savolainen ya rubuta manhajar da ta bai wa Linux damar sarrafa katin sauti, wadda daga baya aka san ta da OSS. A 1998 Jaroslav Kysela ya fara ALSA, wadda ta zama babbar hanyar sauti a ƙwayar Linux ta 2.6 da ta fito a 2003. Ta fuskar kunnawa kuma, Michael Hipp ya fitar da mpg123 a 1995, manhajar da ba ta da maɓallan dannawa, sai dai a rubuta umarni a ba ta sunan fayil. A 1997 Peter Alm da Mikael Alm suka fitar da X11Amp, wadda ta kwaikwayi siffar Winamp ta Windows, aka kuma sauya mata suna zuwa XMMS a 1999.

A wannan zamani ne matsalar doka ta fara kunno kai. Cibiyar Fraunhofer ta Jamus da kamfanin Thomson na Faransa suna riƙe da haƙƙin ƙirƙira a kan MP3, kuma a watan Satumba na 1998 Fraunhofer ta aika wa masu rubuta manhaja wasiƙu tana neman su karɓi lasisi. An mayar da martani ta hanya biyu. Christopher Montgomery ya duƙufa wajen gina kodek ɗin da babu kuɗi a kansa, wato Vorbis, wanda cikakkiyar sigarsa ta fito a watan Yuli na 2002. Kamfanin Red Hat kuwa ya cire damar kunna MP3 daga ƙunshinsa na 8.0 a wannan shekara, don gudun shari'a. Sakamakon haka shi ne, mai amfani ya girka sabon tsari, ya tarar da manhajar kiɗa a ciki, amma ta ƙi kunna waƙoƙin da ya tara, sai ya je ya nemo guntun da aka cire daga wata ma'ajiya da ba ta kamfanin ba.

3.4 Rikicin Faifan DVD

An fara sayar da DVD a Japan a watan Nuwamba na 1996, sannan a Amurka a 1997. Kamfanonin fim sun sa an kulle abin da ke cikin faifan da wani tsari mai suna CSS, kuma ba a ba da mabuɗin sai ga wanda ya karɓi lasisi, ya yi alkawarin ɓoye sirri. Buɗaɗɗiyar manhaja ba za ta iya cika wannan alkawari ba, tunda rubutunta a fili yake. Don haka mutumin da ya sayi faifai na halal da kuɗinsa, ya kuma sayi na'urar karanta shi, ba shi da hanyar kallonsa a kan Linux.

A watan Oktoba na 1999 aka saki DeCSS, wadda take buɗe wannan kulle. Mutum uku ne suka yi aikin, amma Jon Lech Johansen, ɗan ƙasar Nowe mai shekara 15, shi kaɗai aka san sunansa. Kullen bai yi ƙarfi ba tun asali, domin mabuɗinsa bit 40 ne kawai. A watan Janairu na 2000 'yan sanda suka kai samame gidan su Johansen. Kotun Oslo ta wanke shi a watan Janairu na 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta sake wanke shi a watan Disamba na wannan shekara. A Amurka kuwa hukuncin ya sha bamban. A 2000 alƙali Lewis Kaplan na Niyok ya hana mujallar 2600 wallafa DeCSS ko nuna inda za a same ta, bisa dokar DMCA ta 1998, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2001.

Ya kamata a lura cewa DeCSS ta farko manhajar Windows ce, kuma masu ƙara sun kafa hujja da wannan don nuna cewa manufarta kwafar fim ce. Johansen kuwa ya dage cewa matakin farko ne na samar da manhajar kallo a kan Linux. Kowace ce gaskiyar niyyarsa, abin da ya biyo baya a bayyane yake: da sirrin ya fita, an rubuta libdvdcss, wadda manhajojin Linux suka dogara da ita wajen kunna DVD. Manyan ƙunshin Linux sun ƙi sanya ta a cikin faifansu, suka bar wa mai amfani ya ɗauko da kansa.

3.5 Samuwar MPlayer

Kafin 2000, XAnim ta Mark Podlipec ce aka fi amfani da ita wajen kallon bidiyo, amma aikinta ya tsaya a 1999. A daidai wannan lokaci fina-finan DivX suka fara yawo a intanet cikin mazubin AVI. Wani taimako da ya zo shi ne XFree86 4.0, wadda ta fito a watan Maris na 2000 da hanyar XVideo, inda katin hoto yake ɗaukar nauyin faɗaɗa hoto da juya launi, a sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta.

A 2000 Árpád Gereöffy, ɗan ƙasar Hangari, ya fara rubuta tasa manhajar saboda bai gamsu da waɗanda ya gwada ba. Ya fara da mpg12play, sannan a watan Nuwamba ya haɗa ta da wata mai kunna AVI, aka sami MPlayer. A wannan shekara kuma Günter Bartsch ya fara xine a Jamus. Dabarar da MPlayer ta yi fice da ita wajen kodek ɗin da aka ɓoye sirrinsa ita ce aro. Ta ɗauko wata hanya daga shirin avifile da Wine, wadda take loda fayilolin DLL na Windows, ta sa su yi aiki kamar suna gidansu. Ta haka aka kalli bidiyon Windows Media da na QuickTime a kan Linux. Sai dai dabarar tana da aibi biyu: ba ta aiki sai a kwamfuta mai ƙwaƙwalwa irin ta Intel, kuma fayilolin mallakar kamfanoni ne, babu izinin raba su.

3.6 Yadda Mai Amfani Yake Gina Manhajar da Kansa

A shekarun farko, wanda yake son MPlayer sai ya harhaɗa ta da hannunsa. Masu ginin sun hana raba harhaɗaɗɗiyar siffa saboda dalili biyu. Na farko, akwai rubutun da lasisinsa bai dace da GPL ba a cikinta. Na biyu, a lokacin harhaɗawa ne manhajar take duba irin ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfuta, ta zaɓi umarnin gaggawa irin su MMX da SSE na Intel ko 3DNow! na AMD. Wadda aka harhaɗa a wata kwamfuta za ta iya yin nauyi ko ta faɗi a wata.

Matakan su ne kamar haka. Mai amfani zai sauko da rubutun tushe a dunƙule ya kwance shi. Zai ajiye fayilolin kodek na Windows a wurin da aka tanada. Daga nan sai ya rubuta umarnin configure, wanda yake bincika abin da ke cikin kwamfutar, ya kuma lissafa abin da ya samu da abin da ya rasa. A nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe, domin idan babu fayilolin gini na XFree86 ko na sauti, aikin zai wuce ba tare da kuka ba, amma a ƙarshe a sami manhajar da ba ta nuna hoto ko ba ta fitar da murya. Bayan haka sai umarnin make, wanda yake ɗaukar mintoci masu yawa a kwamfutar wancan zamani, sannan make install. Ko bayan an gama, sai an gaya mata hanyar fitar da hoto da ta sauti, alal misali xv da oss.

Wannan yanayi ya haifar da saɓani tsakanin masu gini da masu amfani. Red Hat 7.0 ta zo a 2000 da maharhaɗin gcc 2.96, wanda ba sigar da shirin GCC ya fitar a hukumance ba ce, kuma masu MPlayer suka sa configure ya ƙi karɓar sa, sai an tilasta. A ƙarshen 2001 marubuci Joe Barr ya soki shirin a LinuxWorld, yana kukan wahalar girkawa da kaushin harshen masu ginin ga mai tambaya. Daga baya an cire rubutun da yake da matsalar lasisi, aka kuma koya wa manhajar gane ƙwaƙwalwa a lokacin da take aiki. Duk da haka sai a 2006 Debian ta yarda ta shigar da ita ma'ajiyarta. Gereöffy ya bar jagorancin a 2003, Alex Beregszászi ya karɓa.

Akwai wani abu da ya faru wanda ya juya akalar zargi. A watan Janairu na 2004 masu MPlayer suka zargi kamfanin KiSS Technology na Danmak, mai ƙera na'urar DVD, da ɗaukar rubutunsu ba tare da cika sharaɗin GPL ba. Hujjarsu ita ce jerin sunayen rubutun fassara da suka gani a cikin na'urar, har da MPsub, wanda su suka ƙirƙira. Kamfanin ya musanta. Wannan ya nuna cewa waɗanda ake tuhuma da taɓa haƙƙin kamfanoni su ma suna da haƙƙin da suke karewa.

3.7 VLC: Daga Aikin Ɗalibai zuwa Duniya

Tarihin VLC ya bi wata hanya daban. A 1996 ɗaliban École Centrale ta Faris, a mazauninta na Châtenay-Malabry, suna neman a sabunta musu hanyar sadarwar kwamfutocin ɗakunan kwanansu, wadda ta tsufa. Don nuna bukatar hakan, suka fara aikin watsa bidiyon MPEG-2 da aka kamo daga tauraron ɗan Adam zuwa kwamfutocin ɗalibai. Aikin ya kasu biyu: VLS mai aikawa, da VLC mai karɓa. An sake rubuta shi daga tushe a 1998, kuma a ranar 1 ga Fabrairu, 2001 aka sake shi ƙarƙashin GPL bayan hukumar makarantar ta amince. Alamar mazugin hanya mai ruwan lemo da aka san manhajar da ita ta samo asali ne daga al'adar ɗaliban ta tara irin waɗannan mazugai.

Abubuwa uku ne suka bambanta VLC. Na ɗaya, tunda an gina ta don bidiyon da yake zuwa ta waya, wanda wani yanki nasa yakan ɓace a hanya, ta saba jure fayil mai rauni ko wanda bai gama sauka ba. Na biyu, tana zuwa da kodek ɗinta a ciki, ba ta aika mai amfani neman wani abu a waje. Na uku, an kai ta Windows da Mac OS X tun da wuri, a harhaɗe, abin da ya sa ta sami jama'ar da ta ninka ta Linux. Kasancewarta a Faransa ya taimaka, domin dokar Turai ba ta ba da haƙƙin ƙirƙira a kan manhaja zalla kamar yadda ake yi a Amurka.

A 2009 aikin ya rabu da makarantar, aka kafa ƙungiyar VideoLAN mai zaman kanta da Jean-Baptiste Kempf a matsayin shugaba, kuma siga ta 1.0 ta fito a watan Yuli. Ita ma ba ta tsira daga rikicin lasisi ba. A watan Janairu na 2011 Apple ya cire ta daga kasuwar manhajojinsa bayan ɗaya daga cikin masu ginin, Rémi Denis-Courmont, ya kai kuka cewa sharuɗan kasuwar sun saɓa wa GPL. Sai da aka nemi yardar waɗanda suka taɓa sa hannu a rubutun, aka sassauta lasisin, sannan ta koma a 2013. A watan Janairu na 2019 ƙungiyar ta sanar da cewa an sauke VLC sau biliyan 3.

3.8 Gudummawar FFmpeg

Idan aka duba ƙasan waɗannan manhajoji, za a tarar duk rijiya ɗaya suke sha. A ƙarshen 2000 Fabrice Bellard, Bafaranshe, ya fara FFmpeg da sunan aro na Gérard Lantau, kuma Michael Niedermayer ya jagoranci aikin daga 2004 zuwa 2015. Ɓangarensa mai suna libavcodec taska ce ta kodek waɗanda aka rubuta daga tushe. Inda kamfani ya ɓoye ƙa'idarsa, masu aikin sukan zauna su nazarci abin da kodek ɗin yake fitarwa har su gano yadda yake, su rubuta nasu. Ta wannan hanya, tsakanin 2002 da 2008, aka sami na Windows Media da na Sorenson da na RealVideo. Wannan ne ya kawo ƙarshen dogaro da fayilolin aro na Windows, kuma shi ya ba da damar kai manhajojin zuwa kwamfutoci masu bit 64 da wayoyin hannu.

'Yancin kwafa ya kuma ba da 'yancin rabuwa. A 2011 wasu suka ɓalle daga FFmpeg suka kafa Libav, Debian ta bi su, sannan ta dawo a 2015. Daga MPlayer aka tsaga mplayer2 a 2010, daga ita kuma aka tsaga mpv a 2012.

3.9 Naɗewa

Babin ya nuna cewa matsalar sarrafa kayan kwamfuta ta ragu da zuwan ALSA da XVideo, matsalar sirri kuma ta kau da aikin FFmpeg. Ta fuskar doka, lokaci ne ya yi mafi yawan aikin. An rufe shirin lasisin MP3 a watan Afrilu na 2017, a shekarar kuma Fedora, magajiyar Red Hat Linux, ta mayar da cikakkiyar damar MP3, shekara 15 bayan an cire ta. Haƙƙin MPEG-2 na ƙarshe a Amurka ya ƙare a watan Fabrairu na 2018. A wannan shekara ƙawancen kamfanonin da suka haɗa da Google da Mozilla da Netflix ya fitar da AV1, wanda ba ya neman kuɗin lasisi, kuma VideoLAN tare da masu FFmpeg suka rubuta masa dav1d.

Sai dai bai kamata a ɗauka an rufe maganar ba. A 2022 Fedora ta kashe damar warware H.264 da H.265 ta katin hoto a cikin manhajar Mesa da take rabawa, saboda irin tsoron da ya sa aka cire MP3 a 2002. Ke nan muddin ana ƙirƙiro sabon kodek da haƙƙi a kansa, mai amfani da Linux zai ci gaba da tarar da wani gurbi a sabon tsarinsa, wanda sai ya cike da hannunsa. Matakan da aka bayyana a sashe na 3.6 su ne tushen da babi na gaba zai ɗora a kai, inda za a duba harhaɗa manhajar a aikace.